Linzamin da Na Sa wa Kili

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Asuba

Ba zan rubuta abin da Alhaji Sodangi ya faɗa jiya ba. Kasuwar Dutsin-Ma ta ji, surukina Malam Jibril ya ji, har mai rake da ke gefenmu ya ji ya sunkuyar da kai. Ya isa haka, ba sai takarda ta ji ba.

Abin da zan rubuta shi ne, ba ni zan hau Kili a gasar Katsina ba. Fahad ne zai hau, ɗan Alhaji da ke jami'a, wanda sai bara ya iya bambanta gaban sirdi da bayansa. Ni kuwa Maniru, da na karɓi dokin nan yana ƙashi da fata, na shekara huɗu ina gyaransa saboda wannan rana, aikina in riƙe ragama a bakin fili. Na ce, "Alhaji, ai ka yi mani alkawari." Iyakar abin da na ce ke nan. Sai ya ba ni amsa.

Saura kwana ashirin da uku.

Juma'a, 6 ga Satumba, da hantsi

A duk Kurfi babu wanda ya san abin da ake nufi da gasar nan sai ni. Su a ganinsu tsere ne, ko nuna ado. Shekara tara na yi ina wanke dawaki a wani kulob a Kaduna kafin in dawo gida, na ga irinta ta fi a ƙirga. Hawa ne irin na Turawan Ingila. Ba gudu, ba kirari. Mahaya su shiga fili su zagaya, tafiya, sassarfa, 'yar sukuwa, sannan su jeru, alƙali ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba shigar mutum da kayan dokinsa har cikin baki. Wanda ya fi kowa rashin hayaniya shi ke ci.

Don haka na raini bakin Kili kamar yadda ake rainon jariri. Tun da ya zo hannuna bai taɓa sanin wani ƙarfe ba sai linzamin da na taho da shi daga Kaduna, santsi, mai gaɓa a tsakiya, ba abin da ke suka. Da ɗan yatsa ake juya shi. In ka yi numfashi mai nauyi a kansa ma sai ya tsaya ya ji abin da kake so. Dokin Alhaji ne, ban musa ba. Amma bakin nan nawa ne, ni na yi shi.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan Azahar

Alhaji ya aiko a kira ni kamar ba shi ba. Na same shi a zaure yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Bai gama amsa gaisuwata ba ya ce, "Maniru, kai ka zauna da Nasara, kai ka san kayansu. Ka shirya mani yaron ga tun daga hula har takalmi, shi da dokin. Ina so in sun shiga hili kowa ya san daga gidan Sodangi suka hito."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Har na juya ya ce, "Maganar ranar nan kuma, ai ka san ni da baki." Wai ban-haƙurin ke nan. Ya miƙo mini gyaɗa, na karɓa, na zuba wa kajin ƙofar gida.

Kafin in isa barga na gama shawara. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba zan yi masa gardama ba. Duk abin da ya ce yana so, zan ce ya yi kyau. Mutumin da bai taɓa jin a'a ba, i kaɗai ta ishe shi faɗawa rami. Kowa zai san daga gidan Sodangi suka fito, wannan na yi alkawari, kuma ni ina cika nawa.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

Matata Rekiya ta ce na daina cin abinci kamar mutum. Ina ci.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Mun je Dutsin-Ma wajen Sabitu tela, ni da Alhaji da Fahad. Masu gasar sun turo dokokinsu a wayar Fahad, ya karanta yana fassara wa ubansa. Kwat baƙa ko shuɗiya mai duhu, ba ado. Farar riga. Farin wando matsattse. Dogon baƙin takalmi har gwiwa. Hular kwano.

Alhaji ya ce, "Baƙar kwat? Ɗana zai shiga gaban manyan mutane kamar mai raba abinci a otal?" Ya sa aka sauko da wani yadi kore shar, irin wanda ake gani tun daga tasha. Ya ce a yi aiki da zare ruwan gwal a wuya da ƙirji da bakin hannu, a rubuta SODANGI a baya.

Fahad ya ce, "Baba, sun hwa ce ba ado."

"Sun ce wa matsiyata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Ko ba haka ba, Maniru?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Sabitu ya tsaya da almakashi a hannu yana dubana. Ya san ni tun muna firamare. Da Alhaji ya fita amsa waya ya ce, "Malam Maniru, tsakaninka da Allah, haka aka yi can?" Na ce mai kaya ya faɗi abin da yake so, kai dai ka yi ɗinki. Na ƙara da cewa ya ƙara faɗin aikin ƙirjin.

Na dawo ina murmushi a bayan mota. Rabona da murmushi tun ranar Laraba.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Yau kasuwa. Ban je ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi

Kullum da safe Fahad na zuwa in koya masa. Da a ce lalatacce ne da na fi jin daɗi. Yana zuwa a kan lokaci, yana gaishe ni har ƙasa, Kawu yake ce mini. Zamansa a sirdi ma ba laifi, bayansa a miƙe. Hannunsa ne matsalar. Yana jan linzami kamar mai jan guga daga rijiya, in ya tsorata kuma sai ya rataye a jikinsa gaba ɗaya. Kili sai ya juyo da kunne wajena, kamar yana tambaya wane ne wannan.

Ina gyara masa ƙafa. Ina gyara masa kafaɗa. Hannun ban ce komai ba.

Da muka gama yau ya tsaya yana wasa da igiyar ragama, can ya ce, "Kawu, abin da Baba ya hwaɗa a kasuwa, wallahi ban ji daɗi ba. Na so in ce mashi ni ba sai na hau ba, amma ka san shi."

Na ce, "Wane abu?"

Ya saki igiyar. Na ce ya je kada ya makara a makaranta. Ban san abin da zan yi da tausayin ɗan Sodangi ba, ba ni da inda zan ajiye shi.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan Azahar

Yau ranar sirdi. Na fito da na Turawan, ɗan ƙarami, fata ruwan ƙasa, na shafe shi da mai har yana ɗaukar ido. Na ɗora wa Kili da farin ƙyallen da ake sawa a ƙasa. Wallahi ya yi kyau. Wuyansa, kafaɗarsa, duk aikin da na yi shekara huɗu a fili yake, ba abin da ya rufe shi. Sai da na kau da kai.

Alhaji ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Wannan faifan? Ai dokin ga tsirara yake! Kana so a ce Sodangi ya talauce?"

Na ce gaskiya ni ma na ga kamar da sauransa. Nan da nan aka shiga ɗaki aka fito da jar jalala mai geza, aka shimfiɗa a ƙarƙashin ɗan sirdin har tana taɓa gwiwar doki. Aka kawo tuntaye na goshi, da layu bakwai na wuya. Ya ce ranar jajibiri a sa wa wutsiya lalle, farin doki da jar wutsiya ba wanda zai wuce bai duba ba. Na ce ƙwarai kuwa.

Fahad ya nuna masa hoto a waya, yadda ake yi wa gashin wuyan doki ƙananan kitso a irin wannan gasa. Alhaji ya kusa shaƙewa da goro. "Kitso? Ingarmana za a yi wa kitso? Amarya ce shi?" Duk barga aka yi dariya. Na fi kowa yi.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan Magariba

Malam Jibril ya zo har gida. Mutum mai almajiran ilimi a gabansa, ya bar karatu ya zo don ni. Ya ce, "Maniru, ka yi haƙuri. A wurin Allah ba a tambayar ta wace ƙofa kakar mutum ta shiga wane gida. Wanda ya tono wannan a kasuwa kansa ya tona."

Na ce na haƙura, Malam.

Ban haƙura ba. Kakata, baiwar Allah, ta rasu tun ban yi wayo ba, ba ta tare wa kowa hanya ba, an je an tono ta an shanya a tsakanin mai rake da mai tumatir, don kawai na tuna wa mutum alkawarinsa. Kuma a gaban uban matata. 'Yata Fiddausi za ta girma a garin nan, wata rana wani zai faɗa mata. An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Na san Malam ba zai yarda da wannan ba, shi ya sa ban tambaye shi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, da rana

Yau abu ya faru.

Mun fita hanyar Barkiya, ba nisa, don yanzu ba mai nisa da doki cikin dawa. Wani mai babur ya fito daga cikin gero ba zato, Kili ya zabura. Abin da ɗan yatsa zai gyara ne. Fahad ya matse ƙafa ya rataye a linzami, doki ya rikice ya kwasa da shi har cikin gonar wani, ya sauke shi a kan kunya. Bai ji ciwo ba, sai wando da ya yage. Amma Alhaji yana cikin mota a bayanmu, ya gani da idonsa.

Da muka koma ya ce, "Na gaya maku wannan cokalin na Nasara ba ya riƙe doki." Ya shiga ɗakin mahaifinsa marigayi ya fito da linzami a tsumma.

Na san irinsa. Baƙin ƙarfe ne na maƙeran da, mai zobe da ke zagaye haɓa, da wani harshe a tsakiya mai tsini, wanda in an ja yake tashi ya soki ganɗa. A hannun gwani, da igiya sake, ba ya cutarwa, don gwani ba ya ja. A hannun Fahad wuƙa ce.

Alhaji ya ce, "Da wannan za ya shiga. Ko mi ka gani, Maniru?"

Na daɗe ina juya shi a hannuna. Kili yana bayana yana cin harawa, ina jin ƙarar haƙoransa.

Na ce, "Ya yi, ranka ya daɗe. Amma kada a sa mashi yanzu, sai ranar. In ya saba da shi ba zai ji shi ba."

Ya ce, "Ka ga amfanin gwani."

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan an sauko

Bari in faɗa wa kaina gaskiya a nan, tun da ba mai karantawa. Koriyar kwat da jalala da jar wutsiya dariya kawai za su jawo. A rage maki, a yi gulma, Alhaji ya ce hassada ce, ya dawo gida da girmansa. Amma linzamin nan haramun ne a gasar. In alƙali ya buɗe baki ya gan shi, ko ya ga jini, tsayar da komai ake yi, a kira sunan mai doki a lasifika, a fitar da shi a gaban kowa. Na taɓa ganin an yi wa wani babban mutum a Kaduna, bai sake taka kulob ɗin ba.

Sunansa a lasifika. A gaban mutanen da yake so su san shi. Shi ma ya ji yadda kasuwa take.

Minti goma ake yi a fili. Minti goma ne kawai. Baki yana warkewa.

Lahadi, 22 ga Satumba, da hantsi

Rekiya ta same ni a tsakar gida ina kankare tsatsar linzamin. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Shekara goma sha ɗaya tana jin labarin bakin doki a wurina, ta san abin da take gani.

Ta ce, "Baban Fiddausi, wannan na wane doki ne?"

Na ce na gidan Alhaji.

"Doki nawa ke gidan Alhaji da za a kai Katsina?" Na ci gaba da kankarewa. Ta ce, "Kai da ka hana ni ba shi rake da ɓawo don kada ya kurje mashi dasashi? Alhaji ya zage ka, na sani, ni ma ubana na wurin. Amma dokin ga mi ya ce maka a kasuwa?"

Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta.

Ta ce, "Zan tahi. In za ka gina ramin mugunta dai, gina shi gajere."

Mata da karin magana. Na gama kankarewa, na shafa mai, ya fito fes.

Talata, 24 ga Satumba, bayan La'asar

An karɓo kwat. Sabitu ya yi aiki, Allah ya saka masa. Fahad ya sa ta da farin wando da dogon takalmi da hular kwano, ya fito kamar ango ya yi karo da ɗan acaɓa. Alhaji ya tashi tsaye don murna, ya sa aka ɗauke su hoto.

Bayan an watse Fahad ya biyo ni barga, kwat a hannu. Ya ce, "Kawu, kwat ɗin ga ban damu ba, in sun yi dariya su yi. Linzamin ne. Na sake karanta takardar, akwai sunayen linzamai da aka yarda da su, ban gane su ba, amma ban ga mai kama da na Kaka ba. Kai ka sani. In ka ce ma Baba ba a yarda ba, zai ji taka. Ni ba ni son in cuci dokin."

A littafin nan na ce ba zan yi ƙarya ba, ranar bakwai ga wata na rubuta, ga shi nan a shafi na biyu.

Na ce masa, "Takarda ce kawai. Shekarata tara a can, ban taɓa ganin an buɗe bakin doki ba."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To alhamdu lillahi. Tun da kai ka hwaɗa."

Ga Sodangi na ce ba zan yi ƙarya ba. Ban ambaci ɗansa ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, da safe

Ina goge Kili ya ɗora haɓarsa a kafaɗata ya yi barci a tsaye. Minti goma ne kawai.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan La'asar

An sa lalle, wutsiya ta yi ja. An loda kaya, gobe da Asuba za mu kama hanyar Katsina. Na naɗe baƙin linzamin a tsummansa na sa a jaka. Na ɗauki nawa mai santsi na sa a aljihun riga. Ban san dalili ba. Nauyi dai ba shi da shi.

Asabar, 28 ga Satumba, da yamma

An yi.

Lahadi, 29 ga Satumba, da hantsi

Zan rubuta duka sau ɗaya, ba zan sake ba.

Mun isa da wuri. Mahaya goma sha biyu a rukuninmu, kowa baƙar kwat, kowane doki da ɗan sirdinsa da kitsonsa, shiru kamar masallaci. Sai ga mu. Tun daga inda aka sauke Kili wayoyi suka tashi sama. Alhaji ya ɗauka yabo ne, yana ɗaga hannu.

Da aka kira a shirya, na ja Kili bayan mota ni kaɗai. Wallahi, Allah shi ne shaidata, nawa na fito da shi daga aljihu. Na ce kwat ta isa, dariyar nan ta isa. Alhaji ba zai lura ba sai an gama, in ya so ya kore ni. Har na warware igiyar.

Sai ga shi ya zagayo da wani babban mutum mai farar shadda, yana nuna masa doki. Mutumin ya shafa wuyan Kili ya ce, "Kai, wanda ya gyara dokin nan ya san aikinsa. Wane ne?" Ya miƙo mini hannu. Kafin in kai nawa Alhaji ya ce, "A'a, wannan ai namu ne na gida. Tun kakanni muka gaje su." Ya yi dariya. Mutumin ya janye hannunsa a hankali, don bai san abin da zai yi da shi ba.

Da suka tafi na mayar da nawa aljihu.

Na ɗauko baƙin linzamin. Ban ko matsa wa Kili ba. Na kai ƙarfen kusa, ya sunkuyo ya buɗe baki da kansa, yadda na koya masa. Da ya ji abin a kan harshensa ya tsaya cik, ya dube ni. Na ɗaure zoben a haɓa.

Zagaye na farko lafiya, don tafiya ce. Da aka ce sassarfa sai mutane suka yi tafi, jalala ta kaɗa, Kili ya ƙara sauri kaɗan. Fahad ya ja. Doki ya ɗaga kai sama kamar an soke shi, ai kuwa an soke shi. Fahad ya tsorata ya ƙara ja da hannu biyu, yadda ban taɓa hana shi ba. Kili ya miƙe a ƙafar baya, ya sauko, ya ja da baya yana girgiza kai. Bai yar da yaron ba. Duk da haka bai yar da shi ba. Farin doki ba ya ɓoye jini, ya gangaro daga baki har ƙirji, har kan farin wandon Fahad.

Alƙaliyar wata dattijuwa ce mai furfura, daga Legas. Ta ɗaga hannu, komai ya tsaya. Ta je da kanta ta buɗe bakin, ta cire ƙarfen ta ɗaga sama kowa ya gani. Aka faɗa a lasifika da Turanci, aka sake da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba. Doki mai lamba tara, mallakar Alhaji Sodangi na Kurfi, an fitar da shi saboda cutar da dabba. Ga sunan kuma a bayan kwat da zaren gwal, ga wanda bai ji da kyau ba.

Na dubi Alhaji. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Mai farar shadda ya matsa daga kusa da shi. Abin da na kwana ashirin da huɗu ina jira ke nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Ya yi daɗi har cikin ƙashina, kamar na minti ɗaya.

Sai alƙaliyar ta tambaya wa ya sa wa dokin wannan abu. Ina tsaye da ragama a bakin fili. Fahad ya dube ni, na ga lokacin da ya gane. Ya juya ya ce mata, "Ni ne."

Litinin, 30 ga Satumba, bayan Azahar

Likitan dabbobi ya zo daga Dutsin-Ma. Harshe ya tsage, ganɗa ta fashe wuri biyu. Ya yi ɗinki. Ya ce ciwon zai warke cikin sati uku, a riƙa jiƙa masa dusa. Na tambaye shi bakin fa, zai dawo yadda yake? Ya ce, "Malam, kai ka fi ni sanin wannan." Na fi shi sani. Ba ya dawowa.

Alhaji bai fito zaure ba tun da muka dawo. Bai zarge ni ba, don shi ya kawo ƙarfen da hannunsa a gaban shaidu, ni kuwa ban taɓa cewa komai ba sai ya yi kyau. Aikina ba inda ya yi ɗigo.

Fahad bai je makaranta ba, yana barga tun safe. Na shiga da bokitin dusa, ya karɓa daga hannuna bai dube ni ba. Ya ce, "Kawu, da ni ka kayar, da na yahe maka tun a hili." Ban faɗa wa Baba ba, in ji shi, kuma ba zan faɗa ba. Ya zauna a ƙasa yana ba dokin da tafin hannu kaɗan-kaɗan.

Rekiya ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki. Ba ta yi karin magana ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan Magariba

Na je kasuwa. Bidiyon yana wayar kowa. A rumfar masu hatsi an sa wa Alhaji suna Mai Lamba Tara, mai rake ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka maka, Malam Maniru, tun a duniya. Ba wanda ya tuna abin da aka faɗa mini. Na zauna na saurari dariyar har ta ƙare, ban bar ko kaɗan ba.

Na dawo na wuce barga. Ba kowa. Na kira Kili, ya juyo da kunne. Na kai hannu wajen fuskarsa, hannu kawai, ba komai a ciki. Ya ɗaga kai sama har igiya ta miƙe, ya datse baki, jikinsa yana rawa. Na tsaya a haka hannuna a sama har aka kira Magariba. Bai sauko ba.